Taimakon Gaggawa ga Wanda Ya Yi Mummunar Ƙuna

Ƙuna ba ta tsayawa da mutuwar wuta. Zafin da ya shiga fata yakan ci gaba da cin nama bayan an kashe harshen wutar, shi ya sa abin da aka yi a mintunan farko yake rage zurfin rauni ko ya ƙara shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi.

Farkon abin yi shi ne raba mutum da wutar. Wanda tufafinsa suka kama da wuta kada ya yi gudu, domin iska rura wutar take yi. A kwantar da shi ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. Idan lantarki ne, a kashe wutar tukuna kafin a taɓa shi.

Daga nan sai ruwa. A riƙa kwarara ruwa mai ɗan sanyi, na famfo ko na randa, a kan ƙunar har minti 20, kuma hakan na da amfani ko da an yi jinkiri na awa 3. Ƙanƙara kuwa ƙara lalata fata take yi. Wurin ƙunar kawai ake sanyayawa, sauran jiki a rufe shi, musamman na yaro a lokacin hunturu, don sanyi na saurin kama wanda fatarsa ta saluɓe. Ana cikin zuba ruwan a zare zobe, awarwaro da agogo, domin yatsa na kumbura zobe ya shaƙe shi. Tufar da ta manne da nama a bar ta, a yanke ta gefe.

A nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Manja, ɗanyen ƙwai, man goge baki, gishiri, toka da kashin shanu babu mai warkar da ƙuna a cikinsu. Ƙwayoyin cuta suke kaiwa cikin rauni, sannan a asibiti sai an kankare su, mai ciwo yana ihu. Bororo ma ba a fasa shi. A rufe wurin da ledar naɗe abinci sabuwa ko ƙyalle mai tsabta, ba tare da ɗaurewa ba.

Ana auna faɗin ƙuna da tafin hannun mai ciwon haɗe da yatsu, wanda ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa. Idan ta wuce tafi 10 ga yaro ko 15 ga babba, jiki na zubar da ruwa sosai, sai an yi ƙarin ruwa. In asibiti na da nisa, kuma mai ciwon yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Wurin da ya yi fari ko baƙi, ya ƙandare, kuma ba ya zafi, shi ne mafi muni, domin jijiyoyin ji sun mutu.

Wanda gobara ta rutsa da shi cikin ɗaki a duba fuskarsa: gashin hanci ya babbake, kaki ya yi baƙi, murya ta dishe. Alamun kumburin maƙogwaro ke nan, kuma yana iya toshe numfashi cikin 'yan awanni. A zaunar da shi a jingine, a garzaya da shi asibiti ko da fatarsa ba ta nuna komai ba, a kuma shaida wa likita lokacin da abin ya faru da abin da ya ƙona shi.