Jeraniyum "Rozanne": furen da sanyi ba ya kashewa

A shekarar 1989 wasu ma'aurata a yankin Somasat na ƙasar Ingila suka tsinci wannan tsiro mai shuɗin fure a lambunsu. Yakan yi fure tun daga watan Yuni har Oktoba, domin ba ya yin iri. Saboda haka, jama'a, duk wanda ya tallata muku irinsa, ku riƙe kuɗinku. Da raba saiwa ake yaɗa shi. Yana son ƙasa mai danshi wadda ruwa ba ya kwanciya, da 'yar inuwa lokacin zafin rana. Idan hunturu ya busar da ganyensa, sai a yanke. Sanyi na wucewa zai sake tohowa. Juriyarsa ta sanyi ce, zafin Sahel kuwa wahalar da shi yake yi.