Keke a Lamorde: Kowane Lokaci da Hawansa

Da muka ɗauki bashi a asusun ƙungiya muka sai wa ƴaƴanmu mata kekuna, lakkol kawai muke tunani, don kuɗin taksi zuwa ƙetaren Gadar Kennedy ya ishe mu. Sai ga shi ranar Lahadi da safe yaran na zagaya garake na bakin kogi, har wajen gonakin shinkafa na Kirkissoye. Yau da gobe, wasunmu ma suka hau. An yi dariya, an faɗi, an tashi! Amma keken bashi ne. In ya lalace ko yarinya ta ji ciwo, zubin mako ba ya jira. Shi ya sa muka tattaro abin da hanya ta koya mana.

Da hunturu, hazo ne matsala. Mai mota ba ya hango ki da wuri, don haka ki sa tufa mai haske, ki rufe hanci. Kada ki cika wa kaca mai, ƙura ce za ta manne ta cinye ta. Ki goge da tsumma, ki ɗiga kaɗan.

Da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin Yamai yakan wuce digiri 40. Mukan fita bayan sallar asuba, mu dawo kafin ƙarfe 9, kowa da gorar ruwanta. Wadda ta ji jiri ko ciwon kai, ta sauka ta nemi inuwa nan take. Inda rairayi ya yi zurfi, a ɗan rage iskar taya. In ya ƙi, ki sauka ki tura, ba abin kunya ba ne.

To, damina ita ce babba. Ba mu manta Satumbar 2020 ba, lokacin da kogi ya kai mita 7 a Yamai, madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya kore mu daga gidajenmu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Dokarmu guda ce: ba a shiga ruwa mai gudu da keke, ko bai kai gwiwa ba, don ba ki san ramin da ya ci a ƙasa ba. Bayan ruwan sama kuma birki ba ya kamawa da wuri, laka tana santsi. Ki fara riƙe birki tun daga nesa, in kin dawo ki wanke lakar, ki shanya keken a inuwa.

Sai maganar sutura. Wallahi yawancin faɗuwarmu ba hanya ce ta kayar da mu ba, bakin zane ne ko dogon hijabi ya shiga kaca. A sa wando a ciki, a tattare hijabi.

A ƙungiyarmu, kowace mai keke tana ƙara dala biyar a mako cikin wani gwangwani na daban, don faci da birki. Mun sai famfo guda, yana hannun ma'aji. Ku kai maganar taronku na wannan mako, ku ji ra'ayin mata.

Allah ya tsare mu da ƴaƴanmu a hanya, amin.