Goncourt na ƴan lise: yadda ɗalibai suka ɗaukaka littafin wata ƴar Marwa kan auren dole

Ranar 2 ga watan Disamba na 2020, ɗaliban lise na ƙasar Faransa suka bayyana littafin da suka zaɓa a matsayin zakaran shekara. Sunansa Les Impatientes, wato matan da suka ƙi yin haƙuri. Wadda ta rubuta shi, Djaïli Amadou Amal, Bafulatana ce ƴar garin Marwa da ke arewacin Kamaru. Mafi yawan labarin a Marwa ya gudana, cikin gidajen manyan alhazai ƴan kasuwa, kuma maganarsa ba baƙuwa ba ce ga mutumin Maradi, Damagaram ko Tawa: auren dole, zaman kishi, da kalmar nan da ake raka kowace amarya da ita zuwa ɗakinta, wato haƙuri.

Kyautar da littafin ya ci ana kiranta Goncourt des lycéens. Abin da ya bambanta ta da sauran kyaututtukan adabi shi ne alƙalanta. Matasa ne masu shekara 15 zuwa 18, su ke karantawa, su yi muhawara, su jefa ƙuri'a.

Daga ina kyautar ta samo asali?

Uwar kyautar ita ce Goncourt, wadda aka fara bayarwa a 1903, kuma har yanzu ita ce mafi daraja a fagen ƙagaggun labarai na Faransanci. Marubuta goma ne ke yanke hukunci a kanta. Kuɗinta ba su taka kara sun karya ba: yuro 10 kacal, kusan jika shida da rabi na sefa. Amfaninta yana wajen kasuwa, don littafin da ya ci kan sayu dubban ɗaruruwa.

A 1988 ne hukumar ilimi ta birnin Rennes da kamfanin sayar da littattafai na Fnac suka ƙirƙiro reshen ƴan makaranta, da yardar masu babbar kyautar. Dalilinsu mai sauƙi ne. Ɗalibi yana karanta littattafan da manhaja ta ɗora masa, akasari na marubutan da suka daɗe da rasuwa, don kawai ya ci jarrabawa. Suka ga ya kamata a miƙa masa littattafan da aka buga a shekarar da yake ciki, a kuma ba shi ikon cewa wannan ya fi wancan.

Yaya ake zaɓen?

A farkon watan Satumba, daidai da komawa makaranta a Faransa, alƙalan babbar Goncourt kan fitar da jerin farko na littattafai kusan goma sha biyar. Wannan jeri ne ake kai wa azuzuwa wajen hamsin, ɗalibai kimanin 2,000 ke nan. Fnac ce ke ba da littattafan, malaman Faransanci kuma su ke jagorantar karatun. Ana ba ɗaliban kusan wata biyu, a tsakani kuma ana shirya masu haɗuwa da marubutan don su yi masu tambayoyi ido da ido.

In lokaci ya cika, kowane aji ya zaɓi littattafai uku da ya fi so, ya kuma naɗa wakili. Wakilan su haɗu yanki-yanki su tace, sannan a tura kaɗan daga cikinsu Rennes, inda suke shiga ɗaki su yi gardama har su tsayar da guda. A 2020, saboda annobar korona, ta bidiyo aka yi zaman ƙarshe.

Ya kamata a lura da abu ɗaya. Littattafan da ke shiga wannan gasa ba don yara aka rubuta su ba, na manya ne. Abin da ya mayar da su karatun matasa shi ne matasan da kansu suka ɗauke su suka ce namu ne. Kuma sau da yawa zaɓinsu kan saɓa da na manyan. A 2020 littafin Amal ya kai cikin huɗun ƙarshe na babbar Goncourt, amma alƙalai suka ba Hervé Le Tellier. Kwana biyu bayan nan, ɗalibai suka ba ƴar Marwa tasu kyautar.

Me ke cikin littafin?

Mata uku ne ke ba da labari, kowace da bakinta.

Ta farko Ramla, ƴar shekara 17, mai ƙoƙari a makaranta, burinta ta karanci haɗa magunguna. Tana da saurayi, Aminou, wanda aka riga aka amince masa. Sai baffanta ya ba da ita ga wani attajiri mai suna Alhadji Issa, wanda ya haife ta nesa ba kusa ba, kuma yana da mata. Maganar baffa ta zama maganar gida, aka rufe zancen Aminou.

Ta biyu Hindou, ƴar'uwar Ramla ta wajen uba, wadda aka ɗaura wa aure rana ɗaya da ita. Mijinta ɗan baffanta ne, Moubarak, mashayi mai duka. Duk lokacin da ta kai kuka, amsa ɗaya take samu daga iyaye da gwaggwanni: ta koma ta yi haƙuri, kada ta ja wa dangi abin kunya.

Ta uku Safira, uwargidan Alhadji Issa, wadda ta yi shekaru ita kaɗai a gidan kafin a kawo mata Ramla. A nan marubuciyar ta nuna gwaninta. Da a ce ta bi hanya mai sauƙi, da ta mayar da Safira muguwar kishiya kawai. Sai ta bar ta ta faɗi nata tsoron: tsoron a ture ta, tsoron makomar ƴaƴanta, da yadda wannan tsoro ya kai ta ga bokaye da makirci. Mai karatu zai ga amarya da uwargida duk ƙangi ɗaya ya ɗaure su, amma kowace tana ganin ɗayar ce abokiyar gabarta.

Kalmar da ta ɗinke labaran uku ita ce munyal, haƙuri da Fulatanci. Bahaushe na cewa haƙuri maganin zaman duniya, mahaƙurci mawadaci. Littafin bai ƙaryata darajar haƙuri ba. Tambayar da ya ajiye ita ce, wa ake cewa ya yi haƙurin, kuma wa ke cin ribarsa. Ga wadda ake duka kullum, kalmar ta tashi daga nasiha ta koma umarnin yin shiru.

Wace ce marubuciyar?

An haifi Djaïli Amadou Amal a Marwa a 1975, mahaifinta ɗan Kamaru, mahaifiyarta ƴar Masar. Ita ma an yi mata auren dole tana da shekara 17, ta kuma sha bayyana a hirarraki cewa ta fuskanci duka a aurenta na biyu kafin ta bar gidan. Littafinta na farko, Walaande, ya fito a 2010, kuma sunan yana nufin kwanan girki a gidan mai mata da yawa. A 2012 ta kafa ƙungiyar Femmes du Sahel, mai tallafa wa karatun ƴaƴa mata a arewacin Kamaru.

Musulma ce, kuma a cikin bayananta takan raba tsakanin addini da al'ada. Wannan batu ne da malamai a nan Nijar ma suka sha jan hankali a kai, cewa Musulunci ya umarci a nemi izinin mace kafin a aurar da ita.

Hanyar da littafin ya bi

Les Impatientes ba a Paris aka haife shi ba. Ya fara fitowa a 2017 a Yawunde, daga kamfanin ɗab'i na Proximité, da sunan Munyal, les larmes de la patience, ma'ana hawayen haƙuri. A 2019 ya lashe kyautar Orange ta littafin Afirka a karonta na farko, kyautar da aka tanada don littattafan Faransanci da kamfanonin ɗab'i na Afirka suka buga, mai ɗauke da yuro 10,000, sama da miliyan shida da rabi na sefa. Bayan nan ne wata mai kamfanin ɗab'i a Paris, Emmanuelle Collas, ta ɗauke shi, aka sake gyara shi don masu karatun Turai, aka canza masa suna, ya fito a Satumba 2020.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. An fassara shi zuwa harsuna da dama, har da Ingilishi, UNICEF ta naɗa marubuciyar jakadiyarta a Kamaru a 2021, hukumomin ilimi na ƙasar kuma suka sanya Munyal cikin manhajar ajin ƙarshe na lise.

Wannan tafiya tana da ɓangaren da ke damun masu nazarin adabin Afirka. Littafin ya yi shekara uku a kasuwar Kamaru, amma sai da Paris ta buga masa hatimi duniya ta waiwayo. Wasu kuma na ƙorafin cewa kyaututtukan Turai sun fi karkata ga littattafan da ke nuna wahalar Afirka. Masu kare littafin na amsa cewa a gida aka rubuta shi, a gida aka fara buga shi, kuma kyautar Orange da ya ci ta littattafan da aka buga a Afirka ce.

Ba ita kaɗai ba ce

Ɗaliban sun sha zaɓen labaran da suka shafi Afirka. A 2000 sun ba Ahmadou Kourouma na Kwaddibuwa, saboda Allah n'est pas obligé, labarin wani yaro Birahima da aka mayar sojan yaƙi a Laberiya da Saliyo. A 2006 Léonora Miano ta Kamaru ta ci da Contours du jour qui vient. A 2016 Gaël Faye ya ci da Petit pays, labarin yaro ɗan Bujumbura da yaƙin Burundi da kisan kiyashin Ruwanda suka katse wa ƙuruciya. A 2018 kuma David Diop ya ci da Frère d'âme, kan wani sojan Senegal a yaƙin duniya na farko.

Ko ɗaya cikin waɗannan ba labarin shaƙatawa ba ne. Kusan dukansu yaro ne ko matashi ke tsakiyar labarin, yana fuskantar abin da manya suka jawo. Masu cewa matasan yau ba sa iya jure karatu mai nauyi sai su dubi wannan jeri.

Me ya shafi Nijar?

Abu biyu. Na farko shi ne batun da littafin ya ɗauko. Alƙaluman da UNICEF ta daɗe tana bayarwa sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin shekara 15. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke karatu, don a riƙe ta a makaranta. Amma doka ba ta shiga zauren da baffanni ke yanke magana. Littafi kan iya shiga, musamman idan ɗiya ta karanta ta ba uwarta labari, ko aji ya yi muhawara a kansa maza da mata. A ajin tarminal na kowace lise a ƙasar nan, da wuya a rasa ɗalibar da ta san wata Ramla a unguwarsu.

Na biyu shi ne tsarin kyautar kansa. Nijar ba ta rasa marubutan da suka ci lambar yabo ba. Boubou Hama ya lashe babbar kyautar adabin baƙar Afirka da Kotia-Nima, Idé Oumarou ya bi sahunsa a 1978 da Gros plan. Fim ɗin da Med Hondo ya shirya daga Sarraounia na Abdoulaye Mamani shi ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a 1987. A ɓangaren Hausa ma gasa ce ta haifi ƙagaggen labari na boko: ta 1933 da aka shirya a Zariya ita ta fito da Ruwan Bagaja, lokacin Abubakar Imam yana ɗan shekara 22. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata, ta kai har wata ƴar Nijar, Amira Souley, ta zo ta ɗaya a 2022. Batun auren dole kuwa, Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ta rubuta a kansa da Hausa tun 1990 cikin Wa Zai Auri Jahila?

A duk waɗannan gasanni manya ne alƙalai. Darasin Rennes shi ne a ba ɗalibi kujerar alƙali. Wanda ya san ƙuri'arsa za ta yi aiki, kuma zai tsaya gaban abokansa ya kare zaɓinsa, yana karatu da wani irin ido daban da na mai haddar amsar bak.

Babban cikas shi ne tsadar littafi, tunda mafi yawan na Faransanci daga waje ake shigo da su, ɗakunan karatu na makarantu kuma ba su wadata ba. Sai dai tsarin ba ya buƙatar ɗalibai 2,000 kafin a fara. Lise uku ko huɗu a gari ɗaya za su iya haɗa kai, su zaɓi littattafai biyar na Faransanci da na Hausa, su sayi ƴan kwafi su riƙa zagayawa hannu-hannu na wata biyu. Zaman ƙarshe kuma ga wurare a shirye: gidan raya al'adu na Bawa Ɗan Wardanga a Maradi, na Abdou Salam Adam a Damagaram, na Albarka Cibau a Tawa, ko cibiyar Oumarou Ganda a Yamai. Abin da ya rage shi ne malamin Faransanci ko na Hausa da zai fara kai maganar gaban daraktan makarantarsa da ƙungiyar iyayen ɗalibai.