Wasiƙa Ɗaya, Riga Daban-daban

Malamin makaranta a Haɗejiya da ɗan kasuwa a Malam Madori suna iya buɗe akwatin imel iri ɗaya, amma kowa ya ga nasa da kama daban. Dalili kuwa shi ne an raba shafin intanet gida biyu: akwai saƙon kansa, akwai kuma ƙa'idojin ado da ake kira CSS, waɗanda ke gaya wa kwamfuta launi da girman harafi da mazaunin kowane maɓalli.

Wani ɗan ƙasar Norway, Håkon Wium Lie, shi ya kawo shawarar CSS a 1994, aka amince da ita a Disamban 1996. Tun farko nufinsa shi ne mai karatu ma ya sami ta cewa. Mai raunin gani, alal misali, yana iya ƙara girman baƙaƙe ya karanta wasiƙarsa ba tare da neman ɗan jagora ba.

To, amma kamfanoni ba su saki linzami duka ba. Gmail, wanda ya soma a 2004, zaɓaɓɓun riguna ya ba jama'a a 2008. Ƙa'idar da ke canza launi ai tana iya ɓoye maɓalli, ko ta shimfiɗa na jabu a kansa, kamar yadda ciyawar kacala ke rufe hanyar ruwa a fadamar Haɗejiya har mai kwalekwale ya ɓata. A 2005 wata cutar kwamfuta da aka cusa cikin ƙa'idojin ado ta kama shafuka fiye da miliyan ɗaya a MySpace cikin awa 20.