Tutun Ɗorawa

Wanda ya bi hanya daga Ƙaraye zuwa Rogo a ƙarshen hunturu zai ga ɗorawa a gonaki, jajayen ƙwallaye suna reto a jikinta. Su ne tutu. Mutane da yawa suna tsammani tutu ɗaya fure ɗaya ne. Ba haka ba ne. Ƙananan furanni ne fiye da 1,000 suka taru wuri guda.

Da fari gunda ke fitowa, 'yar ƙarama mai tauri, a bakin wani dogon tsinke. Tana girma tsinken yana sunkuyowa, har ta rataya a sarari, ba ganyen da ya tare ta.

In ka tsinki tutu ka duba da kyau, za ka ga furanninsa iri 3 ne. Na gindi, wajen tsinke, ba su haihuwa. Na biye da su sun yi zobe, aikinsu fid da ruwa mai zaƙi, wanda yara ke tsotsa. Sauran, watau ƙwallon kansa, su ne masu haihuwa.

To, ga abin mamaki. Tutu ba ya buɗewa sai da almuru, kwanansa kuwa ɗaya tak. Da dare jemage ya kan zo ya maƙale masa, yana lasar zaƙin nan. Garin haka sai wata ƙura da ke kan furannin ta manne a ƙirjinsa. Ya tashi ya sauka a wata ɗorawa, ya goga mata. Wannan ƙura ita ce barbarar itace, in babu ita babu 'ya'ya. Ƙudan zuma ma suna taimakawa da magariba da sassafe. A shekarar 1957 ne wasu masana biyu, Baker da Harris, suka rubuta labarin wannan aiki na jemage, bayan sun gan shi a ƙasar Gana.

Gari na wayewa furanni su yi yaushi su zube. Kaɗan ƙwarai ke zama sabada, sa'an nan garda, har ta nuna da bazara, a sami gari da kalwa da makuba.

Saboda haka yaron da ya jefo tutu kafin ya kwana a buɗe, kalwar daddawa ya zubar. Mai gonar da ke harbin jemagu a kan ɗorawarsa kuwa, ma'aikatansa yake kora, waɗanda ba ya biyansu ko anini.