Fenti ko leda: Abin da ke ƙarƙashin kwalliyar motocin wasa a Bauchi

Ƙofar Wambai, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauchi, ta daɗe tana ganin abin hawa da ado. A da dawakin hawan Sallah ne cikin jalala da ɗan kai, daga baya gingimari masu zanen zaki da karin magana, yau kuma Keke Napep da babura da aka lulluɓe da sitika. Ga kuma ƙananan motocin matasa masu sha'awar tsere da wasa da mota, waɗanda kan so a hango motarsu tun daga nesa a san mai ita.

Tambayar da ke gaban irin wannan matashi ɗaya ce: ya kai motar wurin mai fenti ne, ko wurin mai liƙa leda? Amsar ta shafi aljihunsa da lafiyar mai yi masa aiki, ta kuma shafi matsayinsa a gaban doka.

Inda al'adar ta samo asali

A farkon ƙarni na 20, launin motar tsere alama ce ta ƙasa. Kore na Birtaniya ne, shuɗi na Faransa, ja na Italiya, fari kuma na Jamus. Akwai sanannen labari, wanda masana tarihi ke jayayya a kansa, cewa a 1934 kanikawan Mercedes sun kankare farin fentin motarsu don ta sauko zuwa kilo 750 da doka ta ƙayyade, abin da ya bar ta da launin azurfa.

A 1968 kamfanin Lotus ya shiga gasar Formula 1 da launin wani kamfanin taba, ja da fari da ruwan zinare. Daga nan jikin motar tsere ya koma allon talla. Da yake masu ɗaukar nauyi kan sauya, sai aka buƙaci ado mai saurin cirewa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa yau motocin gasar NASCAR ta Amurka suka dogara da leda.

Yankin nan ma ba baƙo ba ne a harkar. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sha ratsa Agadas da hamadar Tenere. A 2020 an yi gangamin motoci daga Abuja zuwa bikin kamun kifi na Argungu, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt, ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Ita kanta Bauchi ta san aikin ƙarfe da fenti tun shekarun 1970, lokacin da aka kafa kamfanin Steyr mai haɗa manyan motoci da taraktoci.

Yadda ake aikin

Aikin fenti na farawa ne daga hannun mai gyaran bodi. Sai an buge lotsawa, an kankare tsatsa har ƙarfe ya fito, an cike ramuka an goge da samfefa, sannan a fesa fentin share fage, a bi da launi, a rufe da na sheƙi. Kowane mataki na buƙatar lokacin bushewa, don haka aiki mai kyau kan ci kwanaki.

Ita kuwa ledar, wata irin roba ce mai gam a bayanta, kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison da Orafol na sayar da ita a naɗe, faɗinta mita 1.52, kuma ƙaramar mota kan ci mita 15 zuwa 18. Ana wanke motar sarai, a goge maiƙo da sinadari, a shimfiɗa ledar, a bi ta da faifan roba ana korar iska daga tsakiya zuwa gefe. A lunguna da lanƙwasa ana hura mata zafi don ta miƙe, sannan a sake gasa wuraren zuwa kusan digiri 90, in ba haka ba za ta ja da baya ta ɗago.

Leda iri biyu ce. Akwai wadda ake zubawa a narke ta daskare, mai laushi da tsada, wadda ke bin siffar mota. Akwai kuma wadda ake murzawa tsakanin ƙarafa, mai araha, wadda aka yi domin allunan talla. Ta biyun ce ke jawo rigima tsakanin mai mota da mai aiki, domin a ranar farko ba a rarrabe su da ido, sai bayan watanni ta tsuke ta bar baƙin gam a gefuna.

Rana da hunturu

Yanayin Bauchi ba ya raga wa ko ɗaya daga cikinsu. A watannin Maris da Afrilu zafi kan kusanci digiri 40, kuma rufin mota da murfin inji ne ke fara ƙonewa. Shekarun da kamfanoni ke alƙawarin leda za ta yi, an auna su ne da yanayi mai sauƙi, don haka motar da ke yini a rana ba za ta kai su ba. Ledar da aka bari ta gasu kuma kan farfashe wajen cirewa, har ta tafi da fentin da bai kama sosai ba.

Da hunturu kuwa ƙura ce matsala. Mai fenti da ke feshi a fili yakan tarar ta zauna a kan ɗanyen fenti, mai leda kuma ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta yi masa ƙurji a ƙarƙashin aiki.

Ga motar da ake wasa da ita, leda ta fi sauƙin gyara, domin idan aka goge ƙofa, ƙofar kaɗai za a sake wa. Sai dai ba ta maganin tsatsa. Duk abin da aka rufe zai ci gaba da cin ƙarfe a ɓoye, kamar rufin kan uwar daɗi.

Lafiya da doka

Wanda ya fi ɗaukar kasada shi ne yaron gareji. Fentin zamani da ake haɗawa da sinadarin daskararwa na ɗauke da guba mai haddasa asma, kuma tsumman da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. Sai takunkumi na musamman da wuri mai fitar da iska.

Ta fuskar doka, launin mota na rubuce a takardunta, kuma ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa sun wajabta sanar da hukuma idan an sauya shi, da fenti ne ko da leda. Dokar 1977 ta haramta wa farar hula amfani da koren launin soja a motarsu, yayin da ta 1991 ta taƙaita sanya gilashi mai duhu.

Akwai kuma batun inda za a yi wasan. A Ebuobanosa ta Jihar Edo an samar da filin tseren mota na musamman. Inda babu irinsa, wasan kan koma titi da wuraren biki, inda 'yan kallo ke tsaye ba shinge.

A gasar da aka tsara, masu duba mota ba su damu da launi ba. Abin da suke nema shi ne kejin ƙarfe a cikin mota, bel mai ƙarfi, hular kwano, abin kashe gobara, birki da tayoyi masu lafiya. Matashin da kuɗinsa ba za su kai ga duka biyun ba, da waɗannan ya kamata ya fara, kwalliya ta jira wata mai zuwa.