Me Ya Sa Layin Zaɓe Yake Raguwa?

Ranar zaɓen shugaban ƙasa na 2023 na raka mahaifiyata rumfar zaɓe a nan Wudil, amma Baba ya ƙi fita, ya ce shi kam ya gaji. Da na bincika sai na tarar ba shi kaɗai ba ne. A 2003 kimanin kashi 69 cikin ɗari na masu rajista suka jefa ƙuri'a a Nijeriya. A 2015 suka koma 44, a 2023 kuwa wajen 27 kacal. Ko Ingila, inda aka daɗe ana zaɓe, daga kashi 84 a 1950 ta sauko zuwa 60 a 2024.

A ganina babban dalili a wurinmu shi ne jam'iyyu sun rasa aƙida. Kakana ya ce a zamanin NEPU ta Malam Aminu Kano mutum yakan sha ɗauri saboda jam'iyyarsa, amma ba ya barinta. Yanzu fa? A Kano PDP ta ci gwamna a 1999, ANPP a 2003, PDP ta dawo a 2011, APC a 2015, NNPP a 2023, alhali 'yan siyasar su ne dai, riga kawai suke sakewa. Talaka ya ga haka, sai ya ce duk kanwar ja ce.

To amma iyayenmu, ku gafarce ni. In mutum uku cikin huɗu suka zauna gida, ɗayan nan shi zai zaɓa mana wanda zai kula da makarantunmu da asibitocinmu. Fushi da akwatin zaɓe ba ya gyara ƙasa. Allah ya ba mu shugabanni nagari, amin.